Wasannin kacici-kacici na talabijin: wane ne gwani, wane ne na bayansa?

Wannan lacca wani tsohon malamin lissafi ne ya gabatar da ita a gaban ɗalibai da malamai a Damagaram. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an kuma rage gaishe-gaishen farko.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai 'yan'uwana, 'ya'yana ɗalibai, barkanku da yamma.

Da aka ce in zo in jera wasannin gasa na talabijin daga babba zuwa ƙarami, wani abokina ya ce mini, "Malam, da furfurarka za ka je ka yi lacca a kan kallon tele?" Na ce masa ai a ƙasar nan talabijin ta ƙofar aji ta shigo. Tun 1964 ake koyar da yara karatu da ita a Nijar, shekaru kafin ta zama abin da ake kunnawa a tsakar gida. Saboda haka malamin makaranta yana da bakin magana a kanta.

Kafin in jera, sai na faɗa muku mudun da na yi awo da shi, don kada mu tashi da gardama. Kun san kacici-kacicin da muka yi muna yara. Wani ya jefo tambaya, kowa ya yi ta laluben amsa, in an gaza sai a ce, "Mun ba ka gari." Ya zaɓi Kano ko Agadas, sannan ya warware. Garin nan ba wanda ya taɓa karɓar harajinsa, amma har barci ya kwashe mu muna yi, domin duk wanda ke zaune a kan tabarmar yana cikin wasan. To mudu na ke nan. Mutumin da ke gida gaban akwatin, wasa yake yi, ko kuwa kallon wani yake yana cin kuɗi?

Akwai sharaɗi na biyu, shi ne gaskiya, kuma Amurkawa sun sha wuya kafin su koye shi. A 1956 akwai wani shiri mai suna Twenty-One. Masu shirin suka ga jama'a sun fi son wani matashi malamin Jami'ar Columbia, Charles Van Doren, a kan gwanin da ke riƙe da kambun, Herb Stempel. Sai suka riƙa ba Van Doren amsoshi a ɓoye, suka umarci Stempel ya faɗi da gangan. Har yadda za a goge gumi a nuna ana tunani sai da aka koya wa 'yan wasa. Van Doren ya kwashi dalar Amurka 129,000. Asiri ya tonu, a 1959 ya tsaya gaban majalisar dokoki ya amsa laifinsa, a 1960 aka yi doka cewa maguɗi a irin wannan gasa laifi ne. Ku riƙe labarin nan, za mu sake cin karo da shi.

Biyu zan fitar tun yanzu, na san kuma wasunku za su ji haushi. Na farko shi ne na akwatuna, Deal or No Deal, wanda ya samo asali daga Holan, Faransawa suka kira shi À prendre ou à laisser. Ana buɗe akwati, wani a waya ya taya, kai kuma ka ce "albarka" ko ka sallama. Ciniki ne a kan abin da ba ka gani ba. Malamai na addini suna zaune a nan, su suka san sunan da ake ba irin wannan ciniki, ni ba zan ci musu aiki ba. [dariya] Na biyu Fort Boyard, da ake yi tun 1990 a cikin wata tsohuwar ganuwa a tsakiyar teku a yammacin Faransa. Na kalle shi, na ji daɗinsa, da tsohon nan Père Fouras da damisoshin da suke ajiyewa a da. Amma wanda ke kwance a gida ba ya hawa igiya, ba ya sa hannu cikin tulun kunamu. Kallo kawai yake.

Na biyar a wurina The Price Is Right na Amurka, wato Le Juste Prix a wurin Faransawa. An fara shi a 1956, Bob Barker ya riƙe shi daga 1972 har 2007, shekara 35. A nuna maka kaya, ka faɗi kuɗinsa ba tare da ka zarce ba. Na sa shi ne don ya girmama wani ilimi da makaranta ba ta ba da takardar shaida a kansa. Ku ɗauko mace ɗaya daga cikin masu cefane a Kasuwar Dole ku haɗa ta da malamin tattalin arziki na jami'a a kan kuɗin tiyar gero, ku ga wanda zai sha ƙasa.

Na huɗu shi ne wanda yawancinmu masu furfura muka fi sani, Questions pour un champion. Tun 1988 ake yin sa a tashar France 3, mu kuma muka same shi ta TV5. Julien Lepers ya gabatar da shi har 2016, sannan Samuel Étienne ya karɓa. Abin da ya burge ni shi ne zagayen ƙarshe, inda ake karanto alamu ɗaya bayan ɗaya, daga mai wuya zuwa mai sauƙi, maki kuma na raguwa. In ka yi gaggawa ka kuskure, in ka jira abokin karawarka ya ɗauke. Na ga dattawa a majalisa suna yi wa akwati tsawa don wani Bafaranshe ya kasa faɗin sunan babban birnin wata ƙasar Afirka. Aibinsa a wurinmu ɗaya ne: yawancin tambayoyin na gidansu ne. Sarakunan Faransa, kogunan Faransa, cukun Faransa. Yaron Damagaram da ya san Tanimun da Amadu Kuran Daga ba zai sami maki ko ɗaya da su ba.

Na uku Jeopardy! na Amurka. Nan labarin maguɗin ya dawo. Bayan abin kunyar nan jama'a sun daina yarda da gasar tambayoyi. Merv Griffin, wanda ya ƙirƙiro shirin a 1964, ya ce matarsa ce ta ba shi shawara: tunda ana zargin ana ba 'yan wasa amsa, to a ba su amsar a bainar jama'a, su kuma su nemo tambayar. Misali a ce, "Garin da ya kasance babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926." Kai kuma sai ka ce, "Mene ne Zinder?" Alex Trebek ya riƙe shirin daga 1984 har ya mutu a 2020. A 2004 wani mai suna Ken Jennings ya ci wasa 74 a jere, ya tara sama da dala miliyan biyu da rabi. A 2011 aka haɗa shi da wani gwanin, Brad Rutter, da wata kwamfuta ta kamfanin IBM mai suna Watson, kwamfutar ta kayar da su duka biyun. Ku da kuke tambayar wayoyinku komai yanzu, ku sani an jima da fara wannan tafiya. Jeopardy! ya fi duk sauran yawan tambayoyi cikin rabin awa. Da Turancin Ingilishi ya wadace mu a nan, wataƙila da na ɗaga shi sama.

Na biyu... na ga kuna murmushi, kun zaci shi ne na ɗaya. Who Wants to Be a Millionaire?, wanda Faransawa suka mayar Qui veut gagner des millions ? An fara shi a Ingila a 1998 tare da Chris Tarrant. Tambaya 15, kowace da amsa huɗu, a ƙarshe fam miliyan ɗaya, wanda a canjin yau ya haura sefa miliyan 700. Hikimar masu shirin ba a kuɗin take ba. Sun cire agogo, sun cire abokin hamayya, suka bar mutum shi kaɗai a kujera da zuciyarsa. Sannan suka ba shi agaji uku: a share amsa biyu, ko ya tambayi 'yan kallo, ko ya kira wani a waya. Wannan na ukun shi ya shigar da mu duka cikin wasan, don ba wanda ya taɓa kallon shirin bai tambayi kansa ba, ni wa zan kira? Ni dai na san wanda ba zan kira ba, yana zaune a layin gaba. [dariya]

A Amurka a 1999 wani ma'aikacin haraji, John Carpenter, ya kai tambaya ta 15 bai taɓa agaji ko ɗaya ba. Sai ya ce a kira masa mahaifinsa. Da aka haɗa su ya ce ba taimako yake nema ba, ya kira ne ya shaida masa zai ci miliyan. Ya kuma ci. A Ingila kuwa a 2001 wani hafsan soja, Charles Ingram, ya amsa duka 15, amma da aka sake sauraron faifan sai aka ji wani a cikin zauren yana tari duk sa'ad da aka ambaci amsar da ke daidai. Ba a biya shi ba, kotu ta same shi da laifi a 2003. A Indiya Amitabh Bachchan, wanda iyayenku mata suka fi ni sanin finafinansa, ya fara gabatar da nasu a 2000. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fara nasu a 2004 da Frank Edoho, a 2009 wani ya ci naira miliyan 10. Duk ƙasar da shirin ya shiga sai ya zauna kamar ɗan gida.

To me ya hana shi zama na ɗaya? Ku cire kuɗin, ku kashe fitilun, ku tsayar da kiɗan nan mai sa gaba faɗuwa. Abin da ya rage tambaya 15 ce cikin kusan awa guda, biyar na farko ma ɗan firamare zai amsa. Yawancin lokacin jiran amsa muke, muna kallon fuskar mutum yana zufa.

Na ɗaya a wurina shi ne Des chiffres et des lettres. Na ji wani ya ce "kai!" a baya can. Na sani, shirin tsofaffi ne, ba kiɗa, ba ihu, kyautar ma ba ta taka kara ta karya ba. Armand Jammot ya ƙirƙiro shi a 1965 da sunan Le Mot le plus long, a 1972 aka ƙara masa lissafi aka ba shi sunan da muka sani, aka kawo ƙarshensa a 2024. Shekara 59. Turawan Ingila suka ara suka kira shi Countdown, shi ne ma shirin farko da tashar Channel 4 ta buɗe da shi a 1982.

Ga yadda yake. A ɓangaren haruffa ana zaro baƙaƙe da wasula, kowa ya nemi kalma mafi tsawo da za ta fita daga cikinsu. A ɓangaren lissafi ana zaro lamba shida daga cikin 1 zuwa 10 da 25 da 50 da 75 da 100, sannan a ba da wata lamba mai gida uku a ce a kai gare ta da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, kowace lamba sau ɗaya kawai, cikin ƙasa da minti guda. A miƙo mini alli. Ga su: 100, 25, 7, 5, 3, 1. Ku kai ni 728. Ku ajiye waya.

[shiru na ɗan lokaci, wata ɗaliba ta ɗaga hannu]

Ɗaliba: Malam, 100 sau 7, 700. A ƙara 25, a ƙara 3.

Madalla, 'yata. Kun gani? Ni da na shirya tambayar daga gida, 100 na tara da 5, na ɗebe 1, na sami 104, na ninka sau 7. Na bi ta Tanut zan je Mirya, ita kuwa ta miƙe hanya. [dariya da tafi] Ku duba abin da ya faru yanzu a ɗakin nan. Ba wuta muka kunna ba, ba wanda aka yi wa alkawarin ko dala, amma har shugaban taro na ga yana lissafi da yatsu. Wanda ke gida da wanda ke cikin akwatin lamba ɗaya suke gani a daƙiƙa ɗaya, ba wanda ya riga wani. Maguɗi ma da wuya a yi, don amsar a kan allo ake warware ta kowa na gani. Shekara da shekaru ina rufe darasin Juma'a da wannan wasa, kuma yaran da ke ɓuya a bencin baya su suka fi saurin ɗaga hannu.

Akwai tambaya?

Ɗalibi: Baba, me zai hana a yi irinsa da Hausa?

Ba abin da zai hana, ɗana. Lissafin ba ya buƙatar fassara. Haruffan ne za su sa ku zama ku yi shawara. Sai kun yanke ko "sh" da "ts" harafi ɗaya ne ko biyu, sai kun saka ƙ da ɗ da ɓ a cikin jakar da ake zarowa, sai kun ƙara yawan "a", don kalma kamar "makaranta" ita kaɗai ta cinye huɗu. Sannan dole a sami alƙali, wato ƙamus. Na Bargery na 1934 yana nan, na Jami'ar Bayero na 2006 yana nan. Amma ranar da ɗan Damagaram ya kawo kalmar da kakarsa ke faɗa, Bakano ya ce bai taɓa jin ta ba, ku tabbata kun zaunar da wata tsohuwa kusa da ƙamus ɗin.

An yi kiran magariba. Ga wata ku tafi da ita: 75, 50, 9, 6, 4, 2, a kai ni 613. Wanda ya samu ya same ni a bakin ƙofa bayan salla.