Gidan mutum shida da kofin shayin ƙarfe uku na dare

Bala: Salamu alaikum jama'a. Anti Rabi, ke kika tayar da ƙurar nan a gurup, tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba.

Anti Rabi: Ni ba abin da na ce illa 'yan CQC, hukumar da ke duba gidajen kula da mutane a Ingila, sun zo gidan da nake aiki sun ba mu "mai kyau", kuma ban yi murna ba. Shi ke nan aka hau ni.

Sadiya: To ai ba mai kyau ɗin kowa ke nema ba?

Anti Rabi: Bari ki ji, ƙanwata. Mataki huɗu ne: wanda ya yi fice, mai kyau, mai buƙatar gyara, sai wanda ya gaza. Tambaya biyar suke yi, daga tsaron lafiyar mazauna har yadda ake shugabancin gidan. Mu mutum shida muke kula da su, manya ne duka, wasu na da larurar koyo, ɗaya ba ya magana. Ranar da suka zo, manaja ta fito da fayil kamar za a raba gado. Takardar magani an sa hannu, sanyin firji an rubuta, ƙofar gobara na rufuwa.

Bala: Firjin nan dai! Ni da na yi shif na dare wata uku, na auna firji fiye da yadda na taɓa auna zazzaɓin 'ya'yana.

Sadiya: Yaya Bala, kai da ka sa tuwonka a firjin mutane ba ka rubuta kwanan wata ba.

Bala: Miyar kuka ce! Wata Baturiya ta buɗe, ta ga abu kore yana yauƙi, ta zaci ya lalace ta zubar. Har yau ban yafe ba.

Anti Rabi: Da ka manna takarda ka rubuta "abinci ne, ba guba ba".

Bala: Da man shanu fa a ciki, Anti. Daga Kano aka kawo mini.

Sadiya: Allah ya jiƙan miya.

Bala: Amin. Kuma robar ma ba a dawo mini da ita ba.

Anti Rabi: To, ku bar ni in ƙarasa. Kun tuna Whorlton Hall, asibitin nan na masu larurar koyo a arewacin Ingila? A 2019 BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kyamara ta ɗauko ma'aikata suna tsokana da razana marasa lafiya. Alhali wurin na riƙe da shaidar "mai kyau". Kafin nan a 2011 an yi irinsa a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, mutum 11 kotu ta kama da laifi, 6 suka tafi kurkuku. Kuma wani nas ya kai ƙara wurin CQC ɗin tun kafin a ɗauki hoton, aka yi biris da shi. Daga baya ne aka koma cewa gidaje su zama ƙanana, kamar mutum shida zuwa ƙasa, a cikin unguwa, ba can bayan gari ba.

Sadiya: Ke nan ƙanƙantar ta magance.

Anti Rabi: Ta rage dai. Amma ƙaramin gida ma in ƙofa ta rufe, wa ke gani? Akwai wani bawan Allah a wurinmu, ƙarfe uku na dare yake son shayi. Wata abokiyar aikina ta ce kicin a rufe yake. Na ce wa ya rufe? Gidansa ne fa, mu ne baƙi. Wannan ba ya cikin fayil ɗin da aka nuna.

Bala: Mu ma a gida mun ga namu. Gidan marin Rigasa a 2019, mutum sama da 300 aka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa.

Anti Rabi: Kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu, don ba inda za su kai. Amma abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne mu kanmu. Bizarki a hannun mai gidan take. In ya sallame ki, kwana 60 gare ki ki samu wani, ko ki tattara. To ki faɗa mini, kin ga an daka wa mutum tsawa ko an tsallake masa magani, bakinki zai buɗu?

Sadiya: Akwai layin kai ƙara a ɓoye ai.

Anti Rabi: A gidan da ku uku ne a shif? Ɓoyon me?

Bala: Mun ce za mu faɗa wa masu saurare abin da za su duba kafin su kai ɗan'uwansu irin gidan nan.

Anti Rabi: Su je ba sanarwa, da yamma. Sauran sai wani makon, bas ɗina saura minti bakwai.

Sadiya: Anti, cajarki!

Bala: Ta tafi. To, ni dai a dawo mini da robata.