Me ya sa Shah Rukh Khan ya yi shekara 33 kafin ya samu kyautar gwamnatin Indiya?

Jama'a sannunku, yau zancen Indiya za mu yi. Ranar 23 ga Satumba 2025, a babban zauren taro na Vigyan Bhawan da ke Delhi, an kira sunan Shah Rukh Khan ya tashi ya hau ya karɓi kyautar gwarzon jarumi daga hannun shugabar ƙasa Droupadi Murmu. To na san wani zai ce meye abin mamaki, mutumin da kyaututtuka suka cika masa gida? Ai nan zancen yake. Wannan ɗin dai bai taɓa samun ta ba, tunda ya fara fim a 1992 da Deewana sai ranar nan, shekara 33 kenan.

Bari in raba muku abu biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Wancan bikin da kuke gani ana rawa ana barkwanci, jarumai na zolayar juna a kan dandamali, ana miƙa ɗan baƙin mutum-mutumin mace, wannan Filmfare ne, na wata mujalla ce, kuma asalinsa na finafinan Hindi ne. A can Shah Rukh ya ci gwarzon jarumi har sau 8, shi da marigayi Dilip Kumar suke kunnen doki. Wanda muke magana a kai kuwa National Film Awards ne, na gwamnati, ma'aikatar yaɗa labarai ke kula da shi. Babu rawa babu kiɗan tashi, a kira sunanka ka hau ka karɓa a ɗauki hoto ka sauko, kamar dai bikin yaye ɗalibai. Abin dariya duka biyun a 1954 aka fara su.

Kuma a na gwamnatin ba Bollywood kaɗai ke fagen ba, wannan shi ne babban dalili. Indiya fa ba yare ɗaya ake fim da shi ba, akwai Tamil, Telugu, Malayalam, Bengali, Marathi, Kannada da wasu da yawa, duk sai a zuba su kwando ɗaya, duk fim ɗin da hukumar tace finafinai ta ba takarda daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba na wannan shekarar zai iya shiga, sai alkalan da aka naɗa su zauna su yi ta kallo su fitar da nasu. Ba ruwansu da ƙuri'ar masoya, ko fim ya tara kuɗi ko bai tara ba. Fim ɗin da ya fara cin kyautar ma na Marathi ne, Shyamchi Aai. Da aka ƙirƙiro kyautar gwarzon jarumi kuwa, Uttam Kumar na finafinan Bengali ya fara ɗauka, a mata kuma Nargis. Don haka ɗan Bollywood komai sunansa sai ya kara da irin su Mammootty da Kamal Haasan, waɗanda kowannensu ya ci sau 3, kuma mutanen nan ba sa wasa da aktin.

Wanda ya fi kowa a maza Amitabh Bachchan ne, sau 4: Agneepath, Black, Paa da Piku. A mata Shabana Azmi ce, sau 5.

To mu dawo kan Shah Rukh. Duk masoyinsa na gaske idan ka tambaye shi wane fim ne ya kamata a ce ya ci tuntuni, yawanci Swades zai ce maka, na 2004, inda ya fito a injiniyan NASA da ya koma ƙauye ya samar musu da wutar lantarki. A wannan shekarar Saif Ali Khan aka ba saboda Hum Tum, kuma har yau akwai waɗanda abin bai fita ransu ba. Yanzu ku ji inda labarin ya yi daɗi, daraktan Swades ɗin, Ashutosh Gowariker, shi ne shugaban alkalan da suka ba Shah Rukh kyautar a 2025. Shi ya sa wasu ke cewa ai bashi aka biya. Ni ban ce haka aka yi ba, amma in za mu faɗi gaskiya tsakani da Allah, Jawan, fim ɗin da aka ba shi kyautar saboda shi, fim ne na faɗa da fashe-fashe, ya yi kasuwa sosai, ya fito a uba ya fito a ɗa, sai dai ba shi ne aktin ɗinsa mafi ƙarfi ba, ko kusa. Mutanen jihar Kerala, inda ake finafinan Malayalam, ma sun yi ta ƙorafi cewa an tsallake jaruminsu Prithviraj da wahalar da ya sha a Aadujeevitham.

Kuma ba shi kaɗai aka ba ba, raba musu aka yi shi da Vikrant Massey na 12th Fail, labarin yaron da ya faɗi jarabawar ƙarshe ta sakandare, ya yi ta fama da talauci har ya zama babban jami'in ɗan sanda, labarin gaske ne ma. Shi wannan fim ɗin ne ya ci gwarzon fim na shekarar gaba ɗaya. A ɓangaren mata Rani Mukerji ce da Mrs Chatterjee vs Norway, ita ma karon farko kenan bayan kusan shekara 30 tana harkar. Ga waɗanda suka tashi da Kuch Kuch Hota Hai, ganin Shah Rukh da Rani zaune gefe da gefe a zauren nan ya isa abin kallo, har an ɗauke su a bidiyo igiyar lambar ta harɗe masa yana ta kici-kicin saka ta a wuya, Rani ta miƙa hannu ta gyara masa.

Maganar kuɗi kuwa kar ku sa rai da yawa. Lambar iri biyu ce, ta zinare da ake kira Swarna Kamal tana zuwa da rupi 300,000, ta azurfa Rajat Kamal da jarumai ke karɓa rupi 200,000. Ga mutum irin Shah Rukh wannan ko kuɗin agogo bai kai ba, sunan ake nema.

Babbar kyautar ranar ma ba tasu ba ce. Akwai Dadasaheb Phalke, wadda ake ba mutum ɗaya tak a shekara saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, an sa mata sunan mutumin da ya yi Raja Harishchandra a 1913, wanda ake kira uban sinimar Indiya. Devika Rani ce ta fara karɓa, Amitabh ya karɓa, Mithun Chakraborty ya karɓa a 2024. A wannan bikin Mohanlal aka ba, jarumin Malayalam mai finafinai sama da 300, wanda da yawanmu da muka san Hindi kawai ba lallai mu gane fuskarsa ba in an nuna mana. Da aka kira sunansa duk zauren ya miƙe tsaye ana tafi.