Wuƙar Daji ta Sifirin Mota: Me Ya Sa Take Karyewa Kamar Gilashi?

[Hoto: wuƙa ta rabe gida biyu a kan gungumen itace]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan wuƙar da kyau. Ƙarfenta mai kyau ne, ƙirarta ta yi, kaifinta har gashin hannu yake askewa. Amma sau ɗaya aka buga ta a kan itace ta ɓalle. Irin wannan hoton ya cika wayoyinmu kwanan nan, samarin da ke hawa tsaunukan Shere na kusa da Jos suna ta cewa sifirin mota ƙarfen banza ne. Ba laifin sifirin ba ne. Akwai mataki ɗaya da ake tsallakewa, shi za mu tsaya a kai yau.

Mai son saye kawai, bari in sallame ka da wuri. Nemi Morakniv Companion. A garin Mora na ƙasar Suwidin ake yin ta, inda kamfanin ya samo asali tun 1891. Tsawon bakinta ya ɗan wuce santimita 10, ba nauyi, kuma tana cikin masu araha a wuƙaƙen daji. Akwai ta ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai ta baƙin ƙarfe mai saurin ɗaukar kaifi. Waɗannan manya masu ƙyalli, masu haƙoran zarto a baya da kamfas a gindi, ka bar su a inda ka gan su. Na ado ne, ba na aiki ba.

[Hoto: tarin tsofaffin kayan mota a unguwar Dilimi, Jos]

Mai son haɗa tasa kuma, nan ne farko. Sifirin ɗin motoci da yawa ana yin su da irin ƙarfen da ake kira 5160, mai sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari. Wannan kabon ɗin shi ke sa ƙarfe ya iya yin tauri. Tsohon magagari ma yana yi, kabon ɗinsa ya fi yawa. Rodin gini kuwa kada ka ɓata gawayinka. Ka duba sifirin ɗin a rana, in ka ga ɗan tsagu ko da siririn zare ne, ajiye ka ɗauki wani.

[Hoto: zugazugi, gawayin ƙirya na ci, maƙeri na duka a kan uwar maƙera]

Wannan ɓangaren na Baba maƙeri ne, ya fi ni iyawa, ku kalli hannunsa kawai. Abu biyu za ka roƙe shi: ya bar jelar ƙarfen ta zarce har ƙarshen mariƙi, sannan a huda ramukan ƙusa yanzu, tun ƙarfen yana da laushi. Kuma kada a fitar da kaifi tukuna. A bar bakin da kaurin kamar milimita 1, in ya yi siriri zai lanƙwashe ko ya tsage a mataki na gaba.

To, mun iso.

[Hoto: wuƙa ta yi ja a cikin wuta, an kara mata maganaɗisu]

Ana mayar da wuƙar wuta har ta yi ja. Yaya za ka san ta kai? Ka riƙa kara mata maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne. Idan zafi ya kai wajen digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, maganaɗisu zai daina kama ƙarfen. Ka ƙara mata zafi kaɗan a kan haka, sai ka tsoma ta tsaye cikin mai, ba ruwa ba. Ruwa yana sanyaya irin wannan ƙarfen da gaggawa, sai ka ji "ƙas", ta tsage. Man gyaɗa mai ɗumi ya wadatar, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, a waje. Baƙin man inji da wasu ke amfani da shi hayaƙinsa guba ne, ni ba na so.

[Hoto: magagari na zamewa a bakin wuƙa]

Ku saurari wannan ƙarar. Magagari ya ƙi cin ƙarfen, zamewa kawai yake. Wuƙa ta yi tauri. A nan ne kowa ke murna, a ɗaura mariƙi, a ɗauki hoto, a nufi daji. Kuma a nan ne aka yi kuskuren.

Tauri daban, juriya daban. Gilashi yana da tauri, har yanka yake yi, amma in ya faɗi ƙasa shi ke nan. Wuƙar da ta fito daga mai yanzun nan haka take. Sanyin gaggawar nan ya ƙulle kabon a cikin ƙarfen, jikinsa duk a ɗaure yake, ba ya iya lanƙwasa ko kaɗan. Wani lokaci ma ba sai an buga ta ba, ka ajiye ta da dare ka wayi gari ka tarar ta tsage da kanta.

Maganinsa gashi na biyu. Za ka sake ba ta zafi, amma ɗan kaɗan, don ta saki jikinta. Za ta rage tauri kaɗan, ta samu juriya mai yawa. Kuma a ranar za a yi, da zarar ta huce har hannu na iya riƙe ta.

[Hoto: wuƙa a cikin oben ɗin girki]

Hanya mafi sauƙi ita ce oben. A wanke man tas, a sa ta a digiri 200 na awa 1, a fitar ta huce, a sake mayar da ita awa 1. Ka dai nemi izinin uwargida tukuna, kuma ka wanke man sosai kada kek ɗin gobe ya yi warin maƙera.

Wanda ba shi da oben, ido zai yi amfani da shi, kamar yadda maƙera suka saba. A goge gefen wuƙar da samfefa har farin ƙarfe ya fito. A riƙe ta da awartaki a saman garwashi, bayanta ne a wajen zafi, bakin yana sama. A hankali. Yanzu ku zuba ido.

[Hoto na kusa: launi na tafiya daga baya zuwa baki]

Kun ga ruwan ɗorawa-ɗorawan nan, kamar busasshen kara? Wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan. Shi muke so ya isa bakin wuƙa. Yana isa, ka ɗauke ta ka tsoma a mai. In ka yi jinkiri zai koma ruwan ƙasa, ya koma ruwan makuba, ya koma shuɗi a wajen digiri 300. Shuɗi a bayan wuƙa alheri ne, yana ba ta juriya. Shuɗi a baki kuwa ta yi laushi, kana yanka igiya biyu ta dakushe. Kada a yi wannan aikin da tsakar rana ko cikin duhu, inuwa mai haske ita ke nuna launi.

[Hoto: injin wasa wuƙa na tartsatsi a bakin kasuwa]

Wannan kuma ya shafi har wanda ya sayi tasa. Kun ga yadda bakin ya yi shuɗi a kan injin? Zafin gurzar ya lalata duk aikin da aka yi, ko na Baba ne ko na Suwidin. Wallahi yana ba ni takaici in ga wuƙa mai kyau ta mutu cikin daƙiƙa 10. In dole sai inji, a riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowace gurza. Amma dutsen wasa da ɗan haƙuri sun fi.

[Hoto: katakon maɗaci daga Kasuwar Katako, gam, ƙusoshin tagulla, baduku na ɗinka kube]

Saura mai sauƙi ne. Ɓallin katako biyu, maɗaci ko ƙirya, gam irin Araldite, ƙusoshi, a matse a bar shi ya kwana. Kube kuma aikin dukawa ne.

Magana ɗaya, mu 'yan Jos mun san halin da ake ciki da matsalar sara-suka. Wannan kayan aiki ne, na feƙe itace da yankan igiya da gyaran kifi. Tana cikin kube, kuben yana can ƙasan jaka, sai an isa daji. Kada a soke ta a ƙugu a shiga gari.

[Hoto: kan dutse a Shere, ana tsaga itace, wuƙar lafiya lau]

Daga sifirin ɗaya aka yanko ta da waccan ta farko, maƙeri ɗaya, mai ɗaya. Awa 2 a oben ne kawai bambancinsu. In kun dawo gida ku share ta ku shafa mata ɗan mai, don damunar Jos ba ta barin baƙin ƙarfe ya kwana ba tsatsa.