Wai makero za a yi wa digiri?

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka.

A makon jiya ina zaune a wata fada a Birni ana shan shayi, sai wani dattijo ya kawo ƙarar ƴarsa. Ta gama karatun likita, amma maimakon ta fara duba marasa lafiya a samu na cefane, wai bincike take so ta shiga, a kan cututtukan da ƙwayoyin funfuna ke sa wa mutum da yadda garkuwar jiki ke kokawa da su. Fada ta kwashe da dariya. Wani ya ce, "Alhaji, yanzu makero da ƙora za a yi wa digiri?"

Ni ban yi dariya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Makero shi muka sani, don a fata yake, ido na ganinsa. Wanda ke kisa a ciki yake, a huhu, a jini, a ƙwaƙwalwa, kuma ba ya ganuwa sai an nemo shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin funfuna 19 da ta ce a tashi tsaye a kansu. Har yau babu allurar rigakafin ko ɗaya daga cikinsu. Magungunan ƴan kaɗan ne, babbansu ma, amfoterisin, tun shekarun 1950 ake amfani da shi.

Ku ɗauki sanƙarau, wanda Damagaram ta sha wahalarsa a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Akwai wani irinsa da funfuna ke kawowa, ƙwayar da ake samu har a kashin tattabaru. Mai lafiya yana shaƙarta galibi ba ta yi masa komai. Wanda sida ta karya wa garkuwa, sai ta haye masa ƙwaƙwalwa. Fiye da mutum dubu 100 take kashewa a shekara, galibinsu a nan Afirka. Allurar sanƙarau da ake yi wa yara ba ta tare ta, maganin da aka saba bayarwa ba ya taɓa ta. Alhali akwai gwajin da ke gano ta da ɗigon jini cikin ƴan mintoci. To wa zai yi gwajin in ba a koya masa ya yi zargin ciwon ba?

Haka wanda ya warke daga tarin fuka, funfuna ta samu rami a huhunsa ta zauna. Yana tari, yana tofar da jini, sai a ce tsohon ciwon ne ya dawo, a sake ɗora shi a kan magani na wata shida. Ba a duba ba.

Haka manomi ko makiyayi da ƙaya ta soka a ƙafa, ƙafar ta yi ta kumbura shekara da shekaru tana fitar da ƴan ƙwayoyi kamar tsaba, har a kai ga yankewa. Ciwon yankinmu ne na Sahel. Wani lokacin funfuna ce, wani lokacin bakteriya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Sudan ta kafa masa cibiyar bincike a Khartum. Mu fa?

Na san abin da za a ce: ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, a gama da su tukuna. Haba jama'a! Yaron da tamowa ta rama, da mai ciwon suga, da mai sida, ai su ne garkuwarsu ta faɗi, su ne funfuna ke fara cimma. Kwano ɗaya ake ci. Indiya ta gani a 2021, lokacin da baƙar funfuna ta afka wa dubun-dubatar mutanen da korona da suga suka raunana.

Masu cewa bincike aikin Turawa ne kuma, su saurara. Sabon tsarin maganin wancan sanƙarau da Hukumar Lafiya ta amince da shi a 2022, a Botswana, Malawi, Uganda, Zimbabwe da Afirka ta Kudu aka gwada shi. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a ciki.

Ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba, hanyar doguwa ce, kuɗinta kaɗan ne, kuma ina tsoron yarinyar in ta fita ƙaro ilimi waje ta ƙi dawowa. Amma laifin wa zai zama? Muna da Jami'ar André Salifou a nan Damagaram, muna da babban asibitin ƙasa, ga cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. A ba irinta tallafin karatu, a ba ta ɗakin gwaje-gwaje mai wutar da ba ta yankewa, a ajiye mata kujerar da za ta dawo ta tarar.

Alhaji ya ce mini a daren nan zai sake zama da ita. Na roƙe shi, wannan karon ya bar ta ta kai ƙarshen maganarta.