Abin da ke tafe a hankali da abin da ke faɗowa dare ɗaya: lacca ga masu harkar shinkafa a Kebbi

An gabatar da wannan lacca ga manoma da masu injin casa da dillalan shanshera (shinkafar da ba a casa ba) a Birnin Kebbi, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, alhazai, hajiyoyi da ƙannena matasa, barkanmu da zuwa.

Abubuwan da ke taɓa jarinku daga waje iri biyu ne, kuma duk wanda ya gauraya su a lissafi zai sha wuya. Akwai mai faɗowa dare ɗaya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ta Kamba ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris na 2024. Babu wanda ke cikin ɗakin nan da aka yi shawara da shi. Akwai kuma mai tafiya irin ta hawainiya, shekara ashirin ko talatin a hanya ɗaya ba ya juyawa. Gini da inji da rijiya, a kan na biyun ake ɗora su. Na farkon kuwa, kuɗin hannu ake tanadar masa.

Yawan jama'a ba sai mun daɗe a kansa ba. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum miliyan 140, yau mun haura miliyan 220, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za mu wuce miliyan 350 kafin 2050. Yawancin ƙarin a birane zai zauna, ɗan birni kuwa shinkafa yake so, wadda ba tsakuwa, wadda za a dafa ba a tsaya tsincewa ba. Saboda haka mai ƙaramin injin casa da ke tunanin ƙara inji na biyu, gara ya fara sayen na'urar cire tsakuwa. Masu ci ba za su ƙare ba, amma masu haƙuri da tsakuwa suna raguwa.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne makamashi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi sama da 500 cikin kwanaki, daga baya ta yi gaba. A ɗaya ɓangaren, farashin farantan sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, domin Sin ta riƙa ƙera su da yawan gaske. Hanya biyu ke nan, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, kuma sun haɗu a fadamun Argungu da Augie da Suru.

Ga yadda ake lissafin komawa famfon sola, kowa ya sa nasa adadin. A ce injin ban-ruwanka na shan lita 4 a wuni, kana ban-ruwa kwana 60 a noman rani. Lita 240 ke nan. A kan naira 200, dubu 48 ne. A kan naira 900, dubu 216. Ƙara kuɗin baƙin mai da filogi da makanike. Sai ka raba kuɗin kayan sola da wannan jimla, amsar ita ce yawan noman da za ka yi kafin kayan su biya kansu. In ta wuce biyar ko shida, gonar ta yi ƙanƙanta, ku haɗu ku biyu ko uku a kan famfo ɗaya.

Sola na da nasa laifin, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan farantan daidai lokacin da shinkafa ke neman ruwa, in ba a goge su da ruwa da tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu ko uku ba, za ka ga ruwan ya zama siriri ka ɗora wa famfo laifi. Yashi da ke biyo ruwa daga rijiyar da ba a sa mata matacin kirki ba yana cinye cikin famfo. A Maris da Afrilu ruwan ƙasa na ja da baya, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, don haka kada ka karɓi wanda ba shi da abin da ke kashe shi in ruwa ya ƙare. Siririyar waya a kan dogon nisa tana zubar da wuta a hanya. Sannan ɓarayi. Ka sa kuɗin maigadi ko na kwashe farantan kullum a cikin lissafin tun farko.

Ruwan sama ma ya sauya hali: yana zuba da yawa a ɗan lokaci. Ambaliyar 2020 ba wanda ya manta abin da ta yi wa shinkafar damina a jihar nan, 2022 ma ta zo. Mai gona a bakin gulbin Rima ya ɗauka cewa a cikin kowane 'yan shekaru akwai wadda zai rasa, ya raba asarar a kan sauran. Akwai irin shinkafa Faro 66 da Faro 67, waɗanda ke jure nutsewa kusan mako biyu. Ba za su tsira daga ruwan wata guda ba, amma a gonar kwari sun fi Faro 44 kwanciyar hankali. Ma'ajiya kuma a kan tudu, buhuna a kan katako, ba a jingine da bango ba.

Sai darajar kuɗi, wadda ta fi cin mutane a ɓoye. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a hukumance, farkon 2024 ta haura 1,500. Alhaji ya sa miliyan 4 ya sayi buhu 200 a kan dubu 20. Ya sayar ya tashi da miliyan 5 da dubu 200, ya ce ya ci riba, ya ƙara aure. Kaka ta zagayo, buhu ya koma dubu 30, kuɗin nan buhu 173 kawai zai saya. Ya yi asarar buhu 27 yana murna! Ku riƙa rubuta jari da buhu a gefen naira. Ribar da za a ci ita ce abin da ya rage bayan an mayar da buhu 200 ɗin.

Amma kada wannan ya sa ku ɗauka farashi sama kawai yake zuwa. Indiya ce ke da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake fitarwa a duniya. Ta hana fitar da farar shinkafa a Yulin 2023, farashi ya tashi, ta janye hanin a Satumbar 2024, ya sauko. A 2024 ɗin ne gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Wanda ya ci bashi ya cika sito yana jiran bazara, shi ya kwana a ciki. Shawarata: kada a tara kaya da kuɗin bashi mai wa'adi, kuma a raba sayarwa kashi uku, ɗaya bayan girbi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. Taki ma haka. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya nuna mana cewa ko da ana yin yuriya a Legas da Fatakwal, wasu sinadaran NPK daga waje suke zuwa, irin su fosfet na Maroko. Mai hali ya sayi takin rani da kuɗin kaka.

Daga nan wani dillali daga Jega ya tambayi dalilin da kayansa ke raguwa a sito ba tare da ɓera ko sata ba.

Alhaji, ruwa ka saya. Shanshera sabuwar yanka na ɗauke da danshi kashi 20 zuwa 24, ajiya kuwa sai ta sauko 14. Kilo 100 mai danshi 22, in ta bushe zuwa 14, kusan kilo 91 za ta koma. A buhu 200 ka ga kamar buhu 18 sun tafi iska. In kuma ka ajiye ta da danshinta, za ta yi zafi ta yi ja, mai inji ya rage maka kuɗi. Nemi 'yar na'urar auna danshi, ka soka ta a buhu uku ko huɗu daga wurare daban-daban na lodin, sannan ku yi ciniki.