Zanen na'ura ɗaya, injinan karo iri-iri: me ake gada, me ake barowa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Yau daga CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, nake muku magana, a bakin birnin Jeniba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. A ƙarƙashin yankin nan akwai rami mai da'irar kilomita 27. An haƙa shi ne don LEP, injin da ya riƙa gwara ilektoron da fozitiron daga 1989 zuwa 2000, daga baya aka kwashe shi aka shimfiɗa LHC, injin da ke gwara furoton da furoton, a gurbinsa. To rami kam an gaje shi. Abin da nake so mu duba yau shi ne ita na'urar da ke zaune a daidai wurin karon tana kama duk abin da ya tarwatso: zanen da aka yi wa inji guda, zai yi wa wani?

Maganar tana da nauyi domin injinan da ake shirin ginawa ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai miƙaƙƙu: ILC da ake so a kafa a tsaunukan Kitakami na Japan, da CLIC da aka tsara a nan. Akwai masu da'ira: FCC-ee mai kusan kilomita 91, wanda rahoton binciken yiwuwarsa ya fito a Maris na 2025, da CEPC na ƙasar Sin mai kilomita 100. Sai injin karon muwon, ƙwaya mai kama da ilektoron amma ta fi shi nauyi, wanda shi tafiyarsa da sauran nisa. Zana na'ura guda kuwa aikin shekaru ne na ɗaruruwan mutane, ba wanda zai so ya koma farko kowane karo.

Ga yadda zuriyar ta gangaro. Masu ILC sun zana na'urori biyu, ILD da SiD. Masu CLIC suka ɗebo daga kowacce, daga ƙarshe suka fito da CLICdet. Da maganar FCC-ee ta kankama, aka ɗauki CLICdet aka yi mata kwaskwarima ta zama CLD. Zanen farko na CEPC kuma daga ILD ya samo tushe. Abin da ya haɗa su dabara guda ce: a bi sawun kowace ƙwaya ita kaɗai. A cikin feshin ƙwayoyin da kuwak (irin ƙwayar da ake gina furoton da ita) ke haifarwa, wajen kashi 60 cikin 100 na makamashin yana hannun ƙwayoyi masu caji, waɗanda ma'aunin sawu ke aunawa fiye da kowa, kashi 30 na hannun ƙwayoyin haske, kashi 10 kacal ya rage wa ɓangaren da awonsa ya fi rauni. Don a raba su dole a yayyanka kalorimita, wato sashen da ke auna makamashin ƙwaya, ƙanana-ƙanana, miliyoyin ɗakuna. Wannan dabarar tana bin kowane inji ba gardama.

Amma ga inda wahalar take, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Miƙaƙƙen inji ba ya harbi a jere. ILC zai saki ayarin ƙwayoyi sau 5 a daƙiƙa, kowane ayari bai cika kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, sai shiru. Wato sama da kashi 99 cikin 100 na lokacin babu abin aunawa. Sai injiniyoyi suka ce, me zai sa mu bar wuta a kunne? A kunna kayan lantarkin dab da zuwan ayari, a kashe da zarar ya wuce. Zafi ya ragu ƙwarai, iska kaɗai ta isa ta sanyaya sassan ciki, ba a buƙatar tulin bututun ruwa. Kuma kowane bututu da ka cire riba ce, domin duk abin da ƙwaya ta ratsa yana ɗan karkatar da ita, awo ya gurɓata.

A inji mai da'ira wannan hutun babu shi. Idan FCC-ee yana aiki a makamashin da ke haifar da wata ƙwaya mai nauyi da ake kira Z, gungu na bin gungu ne cikin nanodaƙiƙa ashirin da 'yan kai, ba tsayawa. Wuta a kunne kullum, zafi ya dawo, sanyaya ta dawo da nauyinta. Haka ma ɗakin iskar gas na auna sawu da ILD ke taƙama da shi: ƙwayoyin ayon da ke tasowa a cikinsa tafiyar hawainiya suke yi, a ILC ana da tazarar da za a tare su, a makamashin Z kuwa taruwa suke yi su karkatar da sawun da ake aunawa. Har yanzu ana kan neman mafita.

Sai maganaɗisu. Na CLICdet tesla 4 ne. A FCC-ee kwararar ƙwayoyin biyu suna haɗuwa ne a ɗan karkace, miliradiyan 30, kuma maganaɗisu mai ƙarfi zai ɓata siririyar kwararar, karo ya ragu. Dole aka sauko tesla 2. Raunin maganaɗisu na nufin sawun ƙwaya ba ya lanƙwasa sosai, don haka aka faɗaɗa ma'aunin sawun daga mita 1.5 zuwa 2.15 daga tsakiya. Da ya faɗaɗa, duk abin da ke kewaye da shi ya ƙara girma, kuɗi ya bi. An ɗan samu sauƙi ta wajen kaurin kalorimitar waje, tunda FCC-ee a GeV 365 zai tsaya, CLIC kuwa har TeV 3, wato GeV 3,000 na makamashi, aka yi masa tanadi.

Masu muwon su ma da CLICdet suka fara. Sai dai muwon yana rayuwa ne mikrodaƙiƙa 2.2 in yana tsaye, yana ruɓewa a cikin bututun injin, ɓarɓashinsa ya yi wa na'urar ruwa. Aka cusa manyan mazurarai biyu na ƙarfen tangistin ta kowane gefe don su tare ɓarɓashin, dabarar da aka ɗauko daga binciken cibiyar Fermilab ta Amurka. Da aka koma maganar TeV 10, sababbin zanen MAIA da MUSIC suka matsar da maganaɗisun ciki, suka yi nisa da asalinsu.

Wani lokaci ƙarfen da kansa ake ɗauka. Maganaɗisun tsohuwar na'urar BaBar ya baro Kalifoniya a 2015 zuwa cibiyar Brookhaven ta New York, ya zama zuciyar na'urar sPHENIX. Amma a ganina gadon da ya fi daraja shi ne manhaja da gogewa. Da manhajojin DD4hep da Key4hep, ɗalibi zai iya canza faɗin ma'aunin sawu a kwamfuta ya gwada ta a wani inji daban. Kuma kalorimita mai ƙananan ɗakuna da ƙungiyar CALICE ta yi shekaru tana gwadawa don miƙaƙƙen injin da ba a gina ba, ga ta nan masu CMS, ɗaya daga cikin manyan na'urorin LHC, na ƙerawa don zango na gaba na LHC, da ɗakunan silikon kusan miliyan 6.

Damuwata guda ce, kuma da gaske nake. Zanen da aka gada ya riga ya nuna, sakamakonsa a shirye, sai ya zama shi kowa ke ɗauka. Alhali FCC-ee zai samar da ƙwayoyin Z tiriliyoyi, inda LEP gaba ɗaya bai kai miliyan 20 ba. Da irin wannan yawan, binciken kuwak b da c yana buƙatar a bambance ƙwayoyin kayon da fayon, abin da silikon zalla na CLD bai ƙware a kai ba, har ake nazarin ƙara masa wani sashe don haka. Na'urar IDEA, da aka zana tun farko don inji mai da'ira, ta zo da ɗakin waya marar nauyi wanda ke iya wannan bambancewar. ALLEGRO kuma ta ɗauko ruwan argon daga gogewar na'urar ATLAS ta LHC. Tsarin FCC-ee na yanzu yana da wuraren karo 4, ni kuwa fatana a zuba musu na'urori mabambanta, yadda in ɗaya ta ga wani abu baƙo, wata mai aiki da wata dabara daban za ta iya tabbatarwa ko ta ƙaryata.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a can zan buɗe muku CLD a kwamfuta mu bi sawun ƙwaya guda tun daga wurin karo har waje.