Me Ya Sa Gadojin Sama Ba Su Kashe Cunkoson Kano Ba?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Kurna ya nufi Kantin Kwari da hantsi, ko ya fito daga Sabon Gari gab da magariba, ya san abin da za mu tattauna a yau. Titi ya cushe, 'yan sahu, masu babur mai ƙafa uku, sun yi layi uku inda aka tsara biyu, ɗan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, yana ta ɗaga sanda, kowa na danna oda. Kuma ba gadoji Kano ta rasa ba. An yi ta Ƙofar Nassarawa a zamanin Kwankwaso, an yi ta Dangi da ta Hotoro da doguwar gadar titin Murtala Muhammad da aka kammala a zamanin Ganduje, ga gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta kama aikin Tal'udu da Ɗan Agundi. To ina gizo yake saƙa?

Sai mun ɗan koma baya. Tsohon birnin da ke cikin ganuwa an gina shi ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da raƙumi. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15. Lungunan cikin gari matsattsu ne, kuma a wancan lokaci hakan dabara ce: katangar tubali mai kauri tana hana zafi shiga ɗaki, inuwarta kuma tana sauka a kan mai wucewa. Babu wanda ya yi tunanin mota.

Turawa suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, aka kafa tasharsa a wajen ganuwa ta gabas. Nan kantunan Turawa da na Kwara, wato 'yan Siriya da Lebanon, suka taru, Sabon Gari ta kafu, Fagge ta bunƙasa. Ku duba taswira a yau: Kwari, Singa, Sabon Gari, Ƙofar Wambai, duk a dunƙule suke wuri guda. Titin Zariya, titin Katsina, titin Haɗeja, titin Maiduguri, titin Gwarzo, kowanne can ya dosa. Saboda haka da safe garin gaba ɗaya yana kwarara zuwa tsakiya, da yamma ya juyo. An taɓa zana wa birnin tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira tsarin Trevallion, amma jama'a suka fi takarda sauri. Yanzu birnin ya mamaye ƙananan hukumomi 8, yana kuma cin gonakin maƙwabtansu.

Ga inda nake so ku tsaya ku saurara da kyau, wato yadda ake yanka filaye a bakin gari. Manomi ya ga gari ya iso gonarsa. Ya kira dillali, aka zo da igiya da turaku, aka yanka gona fuloti-fuloti, mai unguwa ya shaida, aka rubuta takarda. Wannan shi ne awon igiya. Kowane taku na hanya da aka bari, kuɗi ne ya fita daga aljihun mai gona, don haka sai a bar ɗan lungun da mota ɗaya za ta iya ratsawa da ƙyar. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu wurin kwata. Wanda ya saya ya zo gini, ya ɗan turo katangarsa waje, ya yi dakali, ya haƙa masai a bakin hanya. Maƙwabcinsa ya ce ai shi ma ba a bar shi a baya ba. Kafin shekara goma, lungun da aka bari ya koma rabinsa.

Kada a yi saurin zagin talaka. Filin da gwamnati ta tsara, mai takardar hukumar tsara birane ta KNUPDA, ya yi kaɗan, kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Mutum yana da iyali, haya ta ishe shi, dole ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma sakamakon shi ne manyan unguwanni cike da dubban mutane waɗanda babbar motar haya ba za ta taɓa shiga cikinsu ba.

Me zai shiga? Da can acaɓa ne. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babur mai ƙafa uku don mata su daina hawa acaɓa, ya kuma gaji sunan shirin gwamnatin na A Daidaita Sahu. Da aka haramta ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai sahu ya zama shi ne ƙafar Kano. Yana shiga lungu, yana sauke ka a ƙofar gida, yana kuma ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai a yi lissafi: mutum 60 da babbar bas ɗaya za ta kwashe, idan kowane sahu ya ɗauki 4, sai an sami sahu 15. Kuma kowannensu zai ci burki a duk inda aka ɗaga masa hannu.

Yanzu mu zo kan gada. Aikin gadar sama shi ne raba motocin da ke gicciye da juna a mahaɗa ɗaya, kuma tana yin wannan aikin. Wanda ya san Dangi kafin a yi mata gada ba zai musa ba. Amma gada ba ta rage yawan ababen hawa, ba ta kuma canza inda suka nufa. Tana kai su mahaɗa ta gaba ne da sauri, su tarar da danja ko bakin kasuwa, su sake jeruwa. Kamar ka faɗaɗa bakin mazurari ne ka bar wuyansa yadda yake. Sannan ɗan sahu ma sau da yawa ƙasan gadar yake bi, domin fasinja a ƙasa yake.

Tsarin gine-gine ma yana da nasa kason. Ana ta da plaza mai hawa uku, shaguna jere har bakin kwalta, ba a bar wurin ajiye mota ko ɗaya ba. Mai shago ya ajiye tasa a titi, mai saye ya ajiye tasa a bayanta, tirela ta zo sauke kaya da rana tsaka, masu tebur su cike abin da ya rage. Titi mai hannu biyu ya koma hannu ɗaya. Haka zancen ruwa. Kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu su ne suke shanye ruwan damina a da. An cike da yawansu an yi gini, an kuma hau kan magudanai. 'Yan Kwari ba su manta da ambaliyar daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda.

Akwai abin da aka gwada a wani wuri. Legas ta fara manyan bas masu hanyarsu ta daban a 2008, daga unguwar Mile 12 zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas. Sirrin ba girman motar ba ne, keɓe mata layi ne, don bas ɗin da ta maƙale a cunkoso ɗaya da kowa babu mai jiranta. A Kano, irin wannan zai yi aiki ne a manyan titunan nan biyar, su kuma 'yan sahu su riƙa kwaso mutane daga lunguna zuwa tasha. Idan aka ce za a kore su kawai, rigima za a saya, kuma mutanen Ɗorayi da Rimin Kebe za su rasa abin hawa. Kasuwar hatsi ta Dawanau kuma ta nuna cewa babbar kasuwa tana iya rayuwa a wajen gari, manyan motoci su sauke kaya ba tare da sun ratsa Fagge ba.

Mafi arha a cikin gyaran shi ne wanda ba a yi masa bikin yanke zare. A gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu da ake yankawa a yanzu, hukuma tana iya riga dillali isa, ta kafa turakun manyan hanyoyi da magudanai da filin makaranta tun ƙasa tana fili. A yau diyyar gona za a biya. Idan aka jira aka yi gini, diyyar gida ce, da rusau, da zaman kotu.